Kwamfutocin da Ke Gadin Juna

Mai sayar da atamfa a unguwar Briqueterie ta Yawunde yakan karɓi kuɗin kayansa ta MTN MoMo ko Orange Money. In mai sayen yana Njamena ne, kafin saƙon shigar kuɗi ya iso wayarsa sai bayanan sun ratsa na'urorin GIMAC, cibiyar da ke nan Yawunde mai haɗa bankuna da kamfanonin waya na ƙasashe 6 na ƙungiyar CEMAC ta Afirka ta Tsakiya. In irin wannan mahaɗa ta tsaya, ciniki ya tsaya.

Shi ya sa ba a ɗora ta kan kwamfuta guda. Akan jera manyan kwamfutoci su yi aiki tamkar ɗaya, kowace da kwafin bayanan, suna aika wa juna sigina a kai a kai. Wadda aka ji ta shiru, sauran su karɓi aikinta nan take. Alkawarin aiki kashi 99.9 cikin 100 na nufin tsayawar da ba ta kai awa 9 ba a shekara.

Wahalar tana inda ba a zato. A ce layin da ke tsakanin kwamfutoci biyu ne ya yanke, alhali kowace lafiyarta ƙalau. Kowace za ta ɗauka 'yar uwarta ta mutu, ta ci gaba da rubuta lissafi ita kaɗai, kamar yaran shago biyu da kowanne ya buɗe nasa littafin bashi. Sai a cire wa mutum kuɗi sau biyu, ko a biya wani daga asusun da tuni ya ƙare. Don haka ake yin su uku ko biyar, a bar ikon rubutu ga ɓangaren da ke da rinjaye, sauran su dakata ko da ba abin da ya same su. A ganina gara jinkirin minti ɗaya da lissafi biyu masu karo da juna.

Yawan na'ura kuma bai da amfani in duk a ɗaki ɗaya suke, kan layin lantarki ɗaya. Haka ma layin sadarwa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet 4 na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har da SAT-3 mai sauka Duwala da WACS mai sauka Limbe, intanet ya yi rauni a Kamaru. Ashe waɗanda ake ganin madadin juna ne, hanyarsu ɗaya. Injiniyan da ya san aikinsa yakan kashe kwamfuta ɗaya da gangan, cikin dare bayan ciniki ya lafa, ya ga ko sauran za su ɗauki nauyin.