Hanyoyin da Ɗalibin Digirin Farko Zai Bi Ya Sami Gurbi a Binciken Shaihunan Malamai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ɗalibin digirin farko zai kusanci shaihin malami domin ya sami gurbi a aikin bincikensa. Al'amarin yana da muhimmanci, domin kuwa wanda ya bar jami'a bai taɓa aiki a ƙarƙashin gwani ba yakan rasa wanda zai rubuta masa takardar shaida mai nauyi idan ya tashi neman digiri na biyu.

2.0 Tushen Al'adar

A Amurka ne wannan al'ada ta fi kafuwa. A shekarar 1969 jami'ar MIT ta buɗe shiri na musamman, bisa jagorancin Margaret MacVicar, inda ɗalibi kan yi aiki da malami, ko dai a biya shi, ko a lissafa masa aikin cikin karatunsa. A 1987 kuma hukumar kimiyya ta ƙasar, wato NSF, ta fito da nata shirin, wanda ɗalibai kan yi kimanin mako 10 suna bincike lokacin dogon hutu. Abin lura a nan shi ne, a tsarin MIT ɗalibi ne yake neman malami. A jami'o'inmu kuwa, galibi sashe ne yake raba ɗalibai ga malamai idan lokacin rubuta kundin shekarar ƙarshe ya zo, don haka da yawansu ba su koyi neman ba.

3.0 Matakan Neman Gurbi

Da farko, wajibi ne ɗalibi ya karanta aƙalla maƙala ɗaya ta malamin kafin ya tunkare shi, ya kuma fito da tambaya guda daga cikinta. Wannan tambaya ita ce za ta bambanta shi da mai neman alfarma kawai.

Na biyu, ya rubuta gajeriyar wasiƙa, ya faɗi sunansa da ajinsa da darussan da ya yi masu nasaba da aikin, da kuma yawan sa'o'in da zai iya bayarwa a mako. Wasiƙa iri ɗaya da aka aika wa malamai goma nan take ake gane ta.

Na uku, idan mako biyu ya wuce ba amsa, ya sake tuntuɓa cikin ladabi, ko ya je ofis a lokacin da malamin ya ware don ganin ɗalibai. Sau da yawa shirun malami na yawan aiki ne.

Na huɗu, kada ya raina aikin da aka fara ba shi, ko da wanke kwalaben ɗakin gwaji ne ko juyar da hirar da aka ɗauka zuwa rubutu. Da irin wannan ne malami yake auna riƙon amanarsa kafin ya danƙa masa babban aiki.

4.0 Kammalawa

Mun ga cewa shiri da taƙaita magana da haƙuri su ne jarin ɗalibi a wannan nema. Muna ba da shawara ga sassan jami'o'i da kwalejojin ilimi da su riƙa lissafa ayyukan binciken malamansu a allon sanarwa a farkon kowane zango, domin ɗan aji biyu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.