Dalilin da ya sa lokaci ke rikicewa daga na'ura zuwa na'ura

A ƙarshen watan Maris na 2023, mutanen Lebanon sun wayi gari da lokaci iri biyu a ƙasa ɗaya. Kwanaki kaɗan kafin ranar da aka saba ƙara wa agogo awa ɗaya, gwamnati ta ɗage canjin saboda azumi. Wayoyi da kwamfutoci da yawa ba su san da wannan shawara ba, suka ƙara awar da kansu. Sai da gwamnati ta janye matakin kafin ƙura ta lafa.

Abin da ya jawo haka shi ne, na'ura ba ta san "ƙarfe takwas" ba. Galibin manhajoji suna ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairun 1970, bisa agogon duniya na UTC. Daga nan sai su duba wani kundi na dokokin lokacin kowace ƙasa, su nuna maka awar garinku. In kundin wayarka ya tsufa, lissafin zai kuskure.

Agogon Nijar yana gaban UTC da awa ɗaya, kuma ba ya canzawa duk shekara. Faransa kuwa tana ƙara awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Don haka ɗan Maraɗi da ke Paris agogonsa ɗaya da na gida a watan Janairu, amma a Yuli ya riga su da awa guda. Manhajar da ta adana "ƙarfe 10" kawai, ba ta faɗi na wane gari ba, tana iya sa mutum ya makara a jarrabawar intanet ko ganawar neman aiki.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Kwamfuta tana yanka babbar lamba gida-gida, kowane gida ana kiransa bayit. Injinan Intel suna fara ajiye ƙaramin gida, ƙa'idojin intanet kuma suna fara aika babban gida. Idan mai rubuta manhaja ya manta da juya jerin, lambar 1 da aka ajiye cikin gida huɗu sai ɗaya na'urar ta karanta ta 16,777,216. In daƙiƙoƙi ake ƙirgawa, daƙiƙa ɗaya ta koma kwana 194 ke nan.

Ga matasan da ke koyon rubuta manhaja a Yamai ko Damagaram, dabarar a fili take: a adana lokaci da UTC, a juya shi zuwa awar gari sai lokacin nunawa, a kuma bayyana jerin da aka bi wajen ajiye lambobi, sannan a gwada aikin a na'urori daban-daban. Wanda ke ƙetare kuma, in zai sa lokaci da ƴan gida, ya faɗa ƙarara: agogon Nijar ake nufi, ko na inda yake.