Jacob Kaplan: rabbi tsakanin jama'arsa da Coci

Wannan ƴar maƙala ta shafi aikin Jacob Kaplan (1895-1994), wanda ya riƙe muƙamin babban rabbi na Faransa daga 1955 zuwa 1980. Da farko ya kamata a gyara wata fahimta: rabbi ba liman ba ne kawai. Malami ne mai ba da fatawa, kuma a Faransa, tun kafa majalisar Consistoire a 1808, shi ne kakakin Yahudawa a gaban hukuma.

Kaplan ya halarci taron Seelisberg a Suwis cikin 1947, inda aka tsara shawarwari 10 don gyara abin da Coci ke koyarwa game da Yahudawa. A 1948 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Amitié judéo-chrétienne.

Amma a ganinmu, rikicin Finaly ne ya gwada shi. Wasu yara biyu ne da iyayensu suka mutu a Auschwitz. Matar da ta ɓoye su a Grenoble ta yi musu baftisma a 1948, ta ƙi mayar da su ga danginsu. Da kotu ta yanke hukunci, sai wasu malaman Coci suka tsallakar da su Sipaniya. Kaplan ya zaɓi sulhu da Kardinal Gerlier na Liyon, abin da ya jawo masa suka daga wasu mutanensa, masu ganin ya yi sanyi. An dawo da yaran a Yuni 1953.