Gyaran Mota Kat-kat Don Hanyar Rairayi

Maganarmu ta yau ta direbobi ce da masu motoci na Bonkuku da sauran ƙasar Filinge, musamman masu motar nan mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake ce wa kat-kat.

Kai da ke zaune a Bonkuku ka san garin yana cikin kwarin Dallol Boso, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara ta nufi Filinge. Muddin kana kan kwalta, babu wahala. Amma garaken dankalin turawa da garin ya yi suna da su ba a bakin kwalta suke ba. Da ka sauka ka nufi garka, ko ƙauyukan Imanan da na Kurfai, sai rairayi mai zurfi da rani, taɓo kuma da damina. In mota ta kafe da buhunan dankali a cikin rana, kaya su lalace, kasuwa ta watse ba ka iso ba.

Shi ya sa mutane da yawa ke kai motarsu wurin mai walda, su ce a ɗaga ta sama. To, tsaya ka ji. Leƙa ƙarƙashin motarka, ka dubi tulun ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya. Shi ne ya fi kome kusa da ƙasa, shi ke fara shiga rairayi. Ko ka ɗaga jikin mota da taƙi guda, tulun nan yana inda yake, don a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba. Abin da ka samu kawai shi ne mota mai tsawo wadda ke layi a kwana, ta kife da sauƙi a gefen tudu. Ban da wannan, tiyon birki yana miƙewa fiye da kima, wata rana ya tsinke.

Gyaran da ya fi kowane amfani ba ya cin ko dala. Rage iskar taya ne. Ka dubi ƙafar raƙumi, yadda take bajewa in ya taka, ba ta nutsewa. Haka taya take. A kan kwalta tana son iska kilo 2 da rabi ko fiye, gwargwadon kayan da ka ɗauka. In za ka shiga rairayi, sauke ta zuwa wajen kilo 1 da rabi. Sai tayar ta kwanta, inda take taka ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin mota ya rarrabu, ta hau bisa rairayin maimakon ta haƙa shi. In ka riga ka kafe, kana iya ƙara ragewa kaɗan, amma kada ka sauka ƙasa da kilo 1, don tayar tana iya zamewa daga ƙarfenta. Mota mai kaya da yawa ba a rage mata kamar wadda ba ta ɗauki kome ba. Kuma da taya mai ƙarancin iska ba a gudu, ba a murɗa sitiyari da ƙarfi.

Saboda haka abu biyu za ka fara saye: ma'aunin iska da famfo mai kyau. Dukan taya da ƙafa ba awo ba ne. Da ka dawo bakin kwalta, tsaya ka mayar da iskarka. Wanda ya yi ƙyuya ya kama hanyar Yamai da taya saɓa-saɓa, zafi zai cinye ta daga ciki, ta fashe yana cikin gudu.

Sai maganar kaya. Toyota Land Cruiser irin ta 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, mai buɗaɗɗen baya tana ɗaukar wajen tan 1. Hilux ma ba ta wuce nan ba. In kana son bayanta ya daina zama, ana iya ƙara ganye ɗaya a sifirin, dama da hagu daidai wa daida, a sa sababbin ƙusoshin ɗauri. Ganyen da ya karye a canza shi. Kada a yi masa walda, kada a gasa shi a wuta don a lanƙwasa, wuta tana kashe ƙarfinsa. Ka kuma sani ƙarin ganye bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba. Kaya masu nauyi a ƙasa ake jera su, kusa da bayan direba. Jarkar ruwa mai lita 20 ta kai kilo 20, ba wurinta ba ne saman rufi.

Inji kuwa abokan gabansa biyu ne a ƙasarmu, ƙura da zafi. Bututun nan da ake ɗorawa a gefen gilashi yana shaƙo iska daga sama, inda ƙura ba ta kai ta kusa da taya ba. Yana da amfani, amma sai an liƙe kowace mahaɗa sosai. Matatar iska ta takarda ba a wanke ta da ruwa. A hura ta daga ciki zuwa waje, in ta huje a jefar. Bayan damina, ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa suna toshe lagireto. Ɗaura ragar waya mai ƙananan ido a gabansa, ka riƙa kakkaɓe ta. Ka riƙa duba ƙarƙashi kuma, don busasshiyar ciyawa da ta maƙale a jikin salansa tana kama wuta.

Wani abin da ke ba mu mamaki shi ne direban da zai sa giyar ƙafa huɗu, ya manta bai sauka ya murɗa makullan ƙafafun gaba ba. Mota tana ja da baya kaɗai, shi kuwa yana zagin inji. Kulle su tun kafin ka shiga rairayi. In ka hau kwalta, fitar da giyar, don irin waɗannan motoci ba a ƙera su su ja da ƙafa huɗu a kan busasshiyar hanya mai tauri ba, ƙarafan ciki suna murɗewa.

In ƙafa ta fara juyawa wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka daga totur nan take. Sauko da shebur, ka share gaban tayoyi, ka shimfiɗa farantan ƙarfe masu huji. Ka riƙe katako mai kauri na ɗora jak, don jak yana nutsewa a rairayi, kuma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In da hali, yi sammako: rairayin safe ya fi na azahar ɗaukar mota.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan birki.