Ƙidayar Gadajen Asibiti a Lokacin Annoba

Gadon asibiti, a lissafin hukumomin lafiya, ya wuce ƙarfe da katifa. Gado ba ya shiga ƙidaya sai akwai likita da ma'aikatan jinya da za su kula da wanda aka kwantar a kansa, da kayan aikin da jinyarsa ke buƙata. Ana gane cikar asibiti ta hanyar gwada yawan majinyatan da ke kwance da yawan irin waɗannan gadaje. Idan asibiti na da gado 200, aka kwantar da mutum 170, to ya cika kashi 85 cikin ɗari. Masana tsarin asibiti, musamman a Birtaniya, sun daɗe suna ɗaukar wannan adadi a matsayin iyaka, domin da zarar an haura shi, wanda aka kawo cikin gaggawa kan rasa wurin kwanciya.

Annobar korona ta fito da muhimmancin wannan lissafi fili. A watan Maris na 2020, asibitocin yankin Lombardi na Italiya, musamman na birnin Bergamo, sun cika maƙil cikin 'yan makonni. Matsin ya fi yawa a sashen kulawa ta musamman, saboda wanda cutar ta yi wa tsanani kan kwashe makonni a kan na'urar taimaka wa numfashi, sababbin majinyata na shigowa alhali na farko ba a sallame su ba.

Ganin haka, Jamus ta wajabta wa asibitocinta, tun daga watan Afrilun 2020, su riƙa shigar da adadin gadajen wannan sashe kullum a wata rajista da ake kira rajistar DIVI, suna bayyana waɗanda ke da majinyata da waɗanda babu kowa a kansu. Irin wannan bayani ne ke nuna inda za a kai majinyaci idan yankinsa ya cika. A watan Nuwamban 2021 har jiragen sojan saman ƙasar sun kwashi majinyata daga jihar Bavariya zuwa wasu jihohin. A Amurka kuwa, a watan Yulin 2020 aka umarci asibitoci su daina aika rahotonsu ga cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC, su koma aikawa ma'aikatar lafiya ta tarayya, sauyin da ya jawo ruɗani a alƙaluma na wani lokaci.

Alƙaluman kansu na iya yaudara. Asibitin wucin gadi na Nightingale da aka buɗe a Landan a watan Afrilun 2020 an tsara shi ya ɗauki har gado 4,000, amma waɗanda aka kwantar a zangon farko na annobar ba su kai ɗari ba, kuma ƙarancin ma'aikata na cikin dalilan. A Indiya, a watannin Afrilu da Mayun 2021, asibitocin Delhi da dama sun riƙa mayar da majinyata saboda iskar oksijin ta yi ƙaranci. Akwai kuma bambanci tsakanin wanda korona ce ta kwantar da shi da wanda wata larura ta kawo shi, aka gwada aka same shi da cutar.

Don haka rahoton gadaje ba ya amfani sai an daidaita ma'anar gado a kowane asibiti, an ƙirga shi tare da ma'aikata da oksijin, an kuma aika shi kan lokaci.