Ranar 15 Ga Watan Janairu

Yau ba girki za mu taɓa ba. Ke da kike da kalanda rataye a ɗaki, ɗan duba min Janairu ki ɗora yatsa a kan 15. Sau biyu wannan rana tana juya ƙasar nan.

Na farko a 1966 ne, ana cikin azumi. Kafin gari ya waye, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka afka wa gidan Firimiyan Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, a Kaduna, suka harbe shi. A daren ne aka kashe Firimiyan Yamma, Akintola, a Ibadan, aka kuma ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Ikko, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, duk shekara ana jera sunayen mazan, amma da wuya ki ji an ambaci Hafsatu, uwargidan Sardauna. Ba 'yar siyasa ba ce, matar gida ce kamarki. Da sojoji suka kutsa cikin gida ba ta rabu da mijinta ba, tare aka harbe su. Haka ma matar Birgediya Ademulegun, a Kadunar dai, ita ma tare da mijinta aka kashe ta a daren. Allah Ya jiƙan na gaba.

Daga nan fa abubuwa suka rincaɓe. Aka yi juyin mulkin ramuwa a Yuli, aka kashe Inyamurai masu yawa a garuruwan Arewa, yankin Gabas ya ɓalle da sunan Biyafara, yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967. Wata talatin ana gwabzawa, yunwa ta yi ta cin ƙananan yara a can.

To, kin san ranar da Philip Effiong ya je Barikin Dodan a Ikko ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon? 15 ga Janairu, 1970. Shekara huɗu cif-cif. Shi ya sa aka ɗauko ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba aka dawo da ita nan.

In da tsohuwa a gidanku, anjima bayan isha'i ki tambaye ta inda take a safiyar da labarin Sardauna ya iso.