Lambar Jarumta da Abokin Gaba Ya Yi Wa Shaida

A sojan Birtaniya babu lambar yabon da ta kai Victoria Cross daraja, wadda Sarauniya Biktoriya ta ƙirƙiro a 1856. Sai dai jarumta kaɗai ba ta samar da ita; dole a sami wanda ya gani da idonsa. Nan ne matuƙan ƙananan jiragen yaƙi suka kwana ciki. Mutum shi kaɗai a sararin samaniya, wa zai ba da labarinsa? Duk ɗauki-ba-daɗin Yaƙin Duniya na Biyu, mutum ɗaya tak a rundunar jiragen da ke tsare samaniyar Birtaniya ya same ta: James Nicolson, wanda a Agustan 1940 ya ci gaba da harbi alhali wuta na cin jirginsa da hannuwansa.

Amma labarin Lloyd Trigg, ɗan ƙasar New Zealand, ya fi ban mamaki, kuma a nan tekun Afirka ta Yamma ya faru. Ranar 11 ga Agusta, 1943, ya tashi daga kusa da Dakar da jirgi samfurin Liberator, ya yi kiciɓis da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-468, yana saman ruwa. Jamusawa suka buɗe masa wuta har jirginsa ya kama ci da wuta. Yana da damar kaucewa ya nemi tsira. Bai kauce ba. Ya yi ƙasa-ƙasa, ya bi ta kansu, ya sako bama-bamai, sannan ya faɗa teku. Cikin mutum takwas da ke jirginsa babu wanda ya yi rai.

U-468 ma ya nutse. Jamusawa bakwai suka tsira, kuma abin da ya cece su shi ne kwalekwalen roba da ya ɓalle daga jirgin Trigg. Da sojan ruwan Birtaniya suka tsamo su, kwamandansu Klemens Schamong ya zayyana abin da ya gani tsakani da Allah, har ya ce matuƙin ya cancanci lambar girma. A ganina, shi ma wannan ba ƙaramin namiji ba ne: mutumin da ya halaka masa yawancin yaransa yake yabo.

A Nuwamban 1943 aka sanar da ba Trigg lambar, bisa shaidar abokan gaba kaɗai. Matarsa ce ta karɓa a New Zealand.